Gwangwanin alewa na 1966: yadda na saye shi a gwanjon Ingila da abin da ya ci mini

Abin ya faro ne wata Lahadi da sanyin safiya a bayan garin Manchester, a irin kasuwar nan da Turawa ke ci a fili, kowa ya buɗe bayan motarsa ya baza tarkacen gidansa. Ni keke na je nema wa yarona. A teburin wata tsohuwa na hango gwangwanin alewa mai kusurwa huɗu, a murfinsa an zana 'yan ƙwallo biyu da wanduna har gwiwa suna rububin ƙwallon fata mai ɗinki irin ta da. Nan take na tuna gwangwanin da Inna ke zuba allura da zare da maɓallai a gida Zariya, wanda duk yaron da ya buɗe da sa ran biskit sai ya mayar da murfin yana tsaki. Matar ta ce fam 4, na taya 3, ta sallama. Keke dai ban samu ba. Da na dawo gida na ga tsatsa ta ɗan ci gefen murfin, sai na ɗauko soson ƙarfe da omo na hau dirza kamar mai wankin tukunya. Ban ankara ba sai da maiɗakina ta leƙo ta ce, "Malam, ai ka goge wa mutumin fuska." Haka kuwa aka yi, ɗan ƙwallo ɗaya ya koma ba kai, ga ƙarfe fari fat yana ƙyalli a wurin. Ranar na gane cewa zanen nan ba shi da kauri ko na farce, kuma shi ne dukiyar gwangwanin gaba ɗaya.

Takaicin wannan ɓarna ne ya sa na fara bincike, binciken kuma ya kai ni garin Reading, wanda masu garin ke kira Redin. A gidan tarihinsu, da ke cikin tsohon ginin majalisar gari, akwai ɗaki guda na kamfanin biskit na Huntley & Palmers, shiga kuma kyauta ne. Kamfanin ya faro a 1822 daga ɗan shagon Joseph Huntley, ɗansa kuma da ke sana'ar ƙarfe ya riƙa ƙera masa gwangwanaye don kada biskit ya farfashe a hannun matafiya. Daga nan aka sami Huntley, Boorne & Stevens, waɗanda a 1877 suka sami izinin amfani da sabuwar dabarar buga zane mai launi a jikin ƙarfe. Wannan dabara ce ta mayar da gwangwani abin ado. Biskit ya shiga jinin garin har ƙungiyar ƙwallonsu ma da sunan masu biskit aka daɗe ana yi mata laƙabi, kafin a daina toya shi a can a 1976. Na yi kusan awa uku ina zagaya akwatunan gilashi. Abin da na ƙaru da shi ba sunayen kamfanoni ba ne kawai, idona ne ya koyi yadda tsohon fenti yake: launinsa a kwance yake, ba ya ɗaukar ido, kuma in ka matso za ka ga 'yan tsage-tsage sirara kamar a jikin tsohon tangaran.

Daga nan na tsayar wa kaina abu ɗaya, don na ga in mutum ya ce kowane gwangwani zai tara to gidan ba zai ɗauke su ba. Na ce sai na alewa, kuma sai mai hoton wasa: ƙwallon ƙafa, kurket, tanis, sukuwar dawaki. Alewar tofi da ƙwallo kuwa tsofaffin abokai ne a ƙasar. Everton har yau da sunan tofi ake kiransu. A Newport ta yankin Wales ma'aikatan kamfanin alewa na Lovell's sun kafa ƙungiyarsu, Lovell's Athletic, har ta ci kofin Wales a 1948 kafin ta rushe a 1969. Gwangwanin wannan kamfani ne ya tsaya mini a rai, mai ɗauke da Willie, zakin nan mai rigar tutar Birtaniya da aka yi wa gasar cin kofin duniya ta 1966 a matsayin alamarta, wanda shi ne irinsa na farko a tarihin gasar. Akwai abin dariya a son da nake masa, domin gasar ce ƙasashen Afirka suka ƙaurace wa bayan FIFA ta ware gurbi ɗaya tal ta ce Afirka da Asiya da yankin Ostireliya su yi kokawa a kansa. Koriya ta Arewa ce ta tafi da gurbin. Duk da haka wanda ya fi kowa zura ƙwallo a gasar, Eusebio mai ƙwallo 9, haifaffen Mozambik ne da ya buga wa Fotugal. Ingila ta ci Jamus ta Yamma 4 da 2 a Wembley, kuma tun daga ranar ba su sake ɗaga kofin ba, shi ya sa duk abin da ke da tambarin 1966 ba ya kwantai a wurinsu.

Karo na farko da na ga gwangwanin a jerin kayan wani gidan gwanjo, ko tayi ban samu na yi ba. Na ɗauka tunda na buɗe asusu a shafin intanet da ke haɗa gidajen gwanjo, na sa sunana da katin banki, shi ke nan. Ashe kowane gwanjo sai ka sake neman izini daban, gidan gwanjon ne kuma zai duba ka ya amince ko ya ƙi. Na danna neman izinin da safiyar ranar, wajen ƙarfe tara, ana farawa ƙarfe goma. Sai ga saƙo cewa tunda ban taɓa saye a wurinsu ba, in turo hoton fasfo da takardar da ke nuna adireshina, kamar ta kuɗin wuta ko ta banki, wadda ba ta wuce wata uku ba. Ina cikin neman takardar bankina ya ga an taɓa katin daga wurin da bai sani ba, ya rufe shi. Minti arba'in na yi a waya ina jin kiɗa kafin a buɗe. Izinin bai fito ba sai bayan kwana biyu, alhali ina zaune ina kallon allo aka buga wa wani guduma a kan gwangwanin. Ban ga laifinsu ba daga baya, don sharaɗin a rubuce yake, ni ne ban karanta ba.

Bayan mako shida wani ya sake fitowa, a wani gidan gwanjon dabam a wani ƙaramin gari, lamba ta 412, an ƙiyasta shi fam 40 zuwa 60. Wannan karon kwana goma kafin ranar na tura takarduna, washegari aka amince. Sannan na zauna na karanta sharuɗɗansu tun daga farko har ƙarshe, shafi huɗu da ƙananan haruffa. A nan na fahimci cewa ƙiyasin nan ba farashi ba ne, hasashe ne kawai. Akwai kuma wani kuɗi a ɓoye da mai kayan yake gindayawa, in tayi bai kai shi ba ba za a sayar ba, wato dai albarka irin tamu ta kasuwa, sai dai su tun kafin a fara ake faɗa wa mai gwanjo. Na ga maganar la'ada a kan mai saye, na ga haraji, na ga kuɗin ajiya, amma gaskiya ido ne ya karanta, ban ɗauki biro na lissafa ba. Abin da ya fi tsaya mini shi ne layin da ya ce kaya yadda ka gan su haka ka saye su, in guduma ta sauka babu mayarwa don tsatsa ko lotsewa. Saboda haka na rubuta musu imel na nemi bayanin lafiyar gwangwanin. Kwana uku kafin amsa ta zo, layi ɗaya, wai yana da alamun amfani daidai da shekarunsa. Wannan magana ba ta gaya maka komai, ko gwangwanin da mota ta taka za a iya faɗa masa haka. Na sake rubutawa na ce ina son hoton gindinsa, da cikinsa, da bakin murfin inda yake haɗuwa da jiki. Suka turo biyu suka manta na gindi.

Shi ya sa na yanke shawarar zuwa ranar duba kaya, wadda suke yi kwana ɗaya kafin gwanjo. Jirgin ƙasa da bas, zuwa da dawowa, fam 31. Wurin wani tsohon sito ne a bayan gari, cike da kujeru da agogon bango da kwalaye, ga warin tsohuwar takarda da ƙura. Ba a tambaye ni komai a ƙofa ba, aka ce dai in bar jakata. Ƙananan kaya suna cikin akwatin gilashi a kulle, sai ka faɗi lamba wani ma'aikaci ya buɗe ya miƙo maka ɗaya bayan ɗaya yana tsaye a kanka. Na karɓi gwangwanin hannuna har rawa yake. Ya fi yadda na zata ƙanƙanta, kuma jan da ke rigar zakin ya ɗan kwanta a gefe ɗaya, alamar ya daɗe a bakin taga. Wani dattijo Bature da ke duba motocin wasan yara a kusa da ni ya ga ina ta kallon murfi, ya ce, "Ɗana, juya shi. Murfi na mai sayarwa ne, gindi ne naka." Na juya. Akwai tsatsa, amma ta sama-sama ce mai launin ƙasa, ba irin mai kumbura ta ɓarke ba. Ya ce in haska tocilar wayata a ciki in kalli gindin daga waje, in haske ya ɓullo ko kamar bakin allura ne to ƙarfen ya riga ya cinye. Bai ɓullo ba.

Dattijon nan ya tsaya da ni kusan rabin awa, kuma abin da ya koya mini ya fi kuɗin jirgin. Ya ce in na ga layukan nan baƙaƙe da ake haskawa a kanti, to gwangwanin ba zai girmi ƙarshen shekarun 1970 ba, komai tsufan hoton da ke jikinsa, domin kamfanoni da yawa sun sake buga tsofaffin zane a sababbin gwangwanaye. Ya ce in duba farashi in akwai: in an rubuta da sule da kwabo, kafin 15 ga Fabrairun 1971 ne, ranar da Birtaniya ta sauya lissafin kuɗinta. Na yi dariya na ce wannan ba baƙon abu ba ne a wurina, mu ma da fam da sule da sisi da taro iyayenmu suka yi ciniki har naira ta zo a 1973. Haka nauyi, in giram kaɗai aka rubuta to na baya-bayan nan ne. In kamfanin na da tambarin fada, a karanta sunan sarki ko sarauniyar da ke jiki, don Elizabeth ta hau a 1952, kafin ita mahaifinta George na shida ne tun 1936. Sannan ya sa na shafa murfin da yatsa ido a rufe. Inda wani ya cike ƙarzuwa da sabon fenti za ka ji tudu, kuma ƙyallinsa ba ya zama ɗaya da na kewaye. Da zan tafi na tambaye shi ko shi ma zai taya. Ya ce a'a, amma da zai taya ma ba zai gaya mini ba.

Hanyoyin tayi huɗu ne. Ko ka zauna a ɗakin da katin lamba a hannu, ko ka bar musu iyakar kuɗinka a rubuce su taya a madadinka, ko su kira ka a waya, wanda galibi sai kaya masu tsada, ko kuma ta intanet. Da na san abin da na sani yanzu, da tun ina wurin na cike takardar barin tayi, domin ba ta da ƙarin kuɗin intanet, kuma takarda ba ta da zuciya. Amma na ce ina son in gani da idona. Washegari na ɗauki hutun rabin rana. An fara ƙarfe goma, na lura suna cin kaya kusan ɗari a awa, na lissafa nawa zai zo wajen ƙarfe biyu. Na yi azahar da wuri na dawo na zauna da shayi, na rubuta 60 a takarda na manna a gefen kwamfuta. Da aka zo 412 mai gwanjo ya nemi 40 ba wanda ya motsa, ya sauko 30, wani a ɗakin ya ɗaga. Na danna 35. Aka ce 40, na ce 45. Kafin in haɗiye yawu an kai 60 a hannun wancan, maɓallin yana nuna mini 65 yana walƙiya. Takardar tana nan a gabana ina kallonta na danna. Daga nan ban ƙara tunanin gwangwani ba, mutumin da ban sani ba nake kokawa da shi. Hoton gwanjon da nake kallo a allo ya ɗan tsaya a 80, gabana ya faɗi, na danna 85, sai na ji ƙarar guduma kafin hoton ya dawo. Duka abin bai kai minti ɗaya ba. Na yi kabbara har yaran suka fito daga ɗaki.

Murnar ta kai ni magariba, lokacin da takardar biya ta shigo. Guduma fam 85. La'adar gidan gwanjo kashi 24 cikin 100, fam 20.40. Harajin VAT, wanda kashi 20 ne, a kan la'adar, fam 4.08. Kuɗin tayi ta intanet kashi 5, fam 4.25, shi ma da harajinsa kwabo 85. Jimla fam 114.58. Na sake ƙirgawa sau biyu ko an yi kuskure, babu kuskure. Sun ba da kwana biyar na aiki a biya. Na tura ta banki a daren, amma a wurin da ake rubuta dalilin biya sai na sa sunana maimakon lambar takardar. Bayan kwana biyu aka turo mini tunatarwa cewa ban biya ba. Sai da na kira, na tura hoton rasit, wata mata a ofishinsu ta bi sawu ta gano kuɗin zaune ba mai shi.

Sai maganar ɗauko kaya, wadda ban sa ta a lissafi ba ko kaɗan. Gidan gwanjon ba ya aikawa, sunayen masu ɗaure kaya uku kawai suka ba ni. Ɗaya bai amsa ba, ɗaya ya ce fam 28 har da inshora, na ukun ya fi haka. Na auna da fam 31 na jirgi da ranar aiki guda, na ɗauki na 28. Sai na rubuta wa gidan gwanjon izini cewa wane zai karɓa a madadina, don ba sa miƙa kaya ga wanda ba shi ya saya ba. Abin da ban tambaya ba shi ne yaushe mutumin yake zuwa. Ashe Talata kaɗai yake bi ta garin, su kuma kwana bakwai suke ajiye kaya kyauta. Rikicin lambar takarda ya sa na rasa Talatar farko, ta biyun ta faɗo kwana ɗaya bayan wa'adi, aka caje ni fam 6 na ajiya. Na yi ƙorafi a waya, matar ta karanta mini layin daga sharuɗɗan da ni da kaina na amince da su, na yi shiru. Kwana tara bayan nan kwalin ya iso, kwali a cikin kwali, gwangwanin a naɗe da farar takarda mai laushi kafin ledar kumfa. A nan kam ban yi da-na-sanin kuɗin ba. Da na haɗa komai, har da tafiyar duba kaya, fam 179.58 ya ci. Maiɗakina ta buɗe murfin ta leƙa ta ce, "To Malam, ko alewar ɗaya ba su bar maka ba?"

Wannan karon ban kusance shi da ruwa ba. Busasshen ƙyalle mai laushi na sa na share ƙura, lungunan kuma da auduga a tsinke. Tsatsar gindin na bar ta yadda take, domin in wuri a bushe yake ba ta gudu. Na jefa 'yar jakar nan mai tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi a ciki, na ajiye shi a kanta nesa da taga da na'urar ɗumama ɗaki, ban ɗora komai a kansa ba. Kicin da banɗaki ba wurin gwangwani ba ne, tururi ne babban abokin gabarsa. Ba na kuma zuba abin ci a irin waɗannan, ba don komai ba sai don ban san abin da aka haɗa fentin da shi ba shekara sittin da suka wuce. In an manna takardar farashi a jikin zane kada ka fizge ta, tana tahowa da fenti. Na kuma buɗe ɗan littafi ina rubuta ranar saye, da wurin, da kuɗin gaba ɗaya, ina liƙa rasit, saboda ranar da za ka sayar mai saye zai tambayi inda ka samo.

Wanda zai bi wannan hanya, ya nemi izinin tayi aƙalla mako guda kafin ranar, fasfo da takardar adireshi suna cikin wayarsa, ya kuma sanar da bankinsa. Kada ya yarda da hoton murfi kaɗai, ya nemi gindi da ciki da bakin murfi, in an turo rabi ya sake nema, ba roƙo yake ba, aikinsu ne. Ya nemi farashin aikawa da ranar da mai ɗauka yake zuwa tun kafin ya taya. In yana Najeriya ko Nijar ne yake saye, ya fi sauƙi a kai gidan wani ɗan'uwa a Ingila, mai tahowa ya sako shi a jakar hannu a cikin tufafi, don a babban akwati takalmi ɗaya ya isa ya lotsa murfi. Lissafi kuma daga baya ake faro shi. In fam 100 ke hannunka, cire na aikawa, a ce 28, saura 72. Raba shi da 1.35 in la'adarsu irin wadda na biya ce, za ka sami 53 da 'yan kai, ke nan tayinka na ƙarshe 50 ne. Kowane gida da la'adarsa, sai ka duba tasu ka gyara.

Tun daga lokacin na ƙara uku, biyu daga kasuwar bayan mota, ɗaya mai hoton sukuwa daga shagon kayan sadaka, dukansu a haɗe ba su kai fam 20 ba. Na farkon nan mai ɗan ƙwallo ba kai yana wurin maiɗakina, zare da allura ne a ciki. Wata mai zuwa akwai na kurket a wani gwanjo, an ƙiyasta shi fam 30 zuwa 50. Na riga na tura musu takardar barin tayi a kan 40, kuma ranar ina wurin aiki har ƙarfe biyar.